Tower of London ko British Museum, wanne za ka shiga in yini ɗaya gare ka a Landan?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Landan ba yawon buɗe ido ne ya kai su ba, ko dai bikin kammala karatun ɗa ko ƙani, ko ganin likita, ko wani taro ko kwas na ofis, sai a ƙarshe a samu yini ɗaya tal da ya rage kafin a kama hanyar Heathrow, shi ɗin ma Hajiya ta riga ta yanke rabinsa da sunan sayayya a Oxford Street. To a nan ake kwafsawa. Mutum ya jero wurare shida a waya, Big Ben, fadar Buckingham, London Eye, Tower, British Museum har da filin Arsenal, ya wuni hawa da sauka a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya dawo masauki ƙafa ta kumbura, in ka tambaye shi me ya gani sai ya nuna ma hotunan bakin ƙofofi. Ni dai shawarata, waje ɗaya za ka shiga ka gan shi da kyau, sauran ka gaishe su daga waje. In kuwa maganar shiga ciki ake, biyu ne ke takara da gaske, Tower of London da British Museum, kuma sam ba iri ɗaya ba ne.

Bari mu fara da aljihu tunda shi ne ke raba gardama da wuri. British Museum kyauta ne, ko sisi ba za ka biya ba sai dai in wani baje koli na musamman za ka shiga, akwatunan neman gudummawa da ke bakin ƙofa ganin dama ne. Tower kuwa tikitin babba ya haura fam 30, na yaro wajen rabin haka, ƙasa da shekara 5 ne kawai ke shiga kyauta. Magidanci da mata da yara uku ya tashi a fam 100 da ɗoriya kafin a sha ko ruwa, in ka juya shi zuwa naira ko sefa sai ka ji kanka ya sara. Wanda kuɗinsa ya ƙare a otal da tsaraba, magana ta ƙare, ya nufi gidan tarihin kawai, kuma wallahi bai yi asara ba. Amma in kuɗin ba matsala ba ne to a saurara, don tsadar Tower tana da dalili.

Tower ba hasumiya ɗaya ba ce kamar yadda sunan ke nunawa, gari ne guda a cikin ganuwa biyu a bakin kogin Thames. Ka ɗauka an haɗa Gidan Rumfa da kurkuku da barikin soja da gidan buga kuɗi da gidan zu duk a cikin katanga ɗaya, duk waɗannan ayyukan ya yi su a lokuta daban-daban. William, basaraken Normandy da ya ci Ingila da yaƙi a 1066, shi ya fara gina ginin tsakiyar da ake kira White Tower wajen 1078, tsayinsa kamar mita 27, kaurin bango a ƙasa ya fi mita 4, har dutse aka yi ta ɗebowa daga Faransa. Kuma ba don ya kare mutanen Landan ya gina ba, don ya tsorata su ne, su riƙa ɗaga kai suna tuna wa ke mulki yanzu. Abin da ya bambanta shi da gidan tarihi ke nan, a nan ba kwaso kayan aka yi aka jera a gilashi ba, a wurin abin ya faru. Ga filin da aka sare kan Anne Boleyn, matar Sarki Henry na 8, a watan Mayun 1536, an ɗauko mata gwanin takobi musamman daga Calais wai don a sauƙaƙa mata, ga ɗan cocin da aka binne ta taku kaɗan daga wurin. Catherine Howard, ita ma matarsa, ta bi bayanta a 1542, sai Lady Jane Grey a 1554, yarinya ce da ba ta kai ashirin ba wadda ta yi kwana tara kacal a kan mulki. Ga ƙofar ruwa da ake shigo da fursunoni ta cikin kwalekwale, Traitors' Gate, wato ƙofar maciya amana.

Inda ya fi taɓa ni dai shi ne ɗakin sama na Beauchamp Tower, wanda da yawa ke wucewa ba su leƙa ba sabida matakalar ƙunci ce. Bangon cike yake da rubutun da fursunoni suka sassaƙa da hannunsu, suna, shekara, tambarin gidansu, addu'a, wani ya yi zanen da sai an share watanni ana ƙwaƙular dutse kafin a gama shi, kana gani ka san mai wannan aikin ba shi da inda za shi. An rufe su da gilashi yanzu an sa musu lamba, amma zurfin ƙwaƙular na nan.

Sai kayan sarauta, wanda shi ne ke jan yawancin mutane. A nan ake ajiye kambunan da har gobe ake amfani da su, ba kwaikwayo ba. Kambun St Edward da aka ɗora wa Sarki Charles ranar 6 ga Mayun 2023 an ƙera shi ne a 1661, zinare ne zalla, nauyinsa ya haura kilo 2. Dalilin da ya sa kusan duka kayan ba su girmi 1661 ba shi ne bayan an sare kan Charles na 1 a 1649 sai masu mulkin lokacin suka narkar da tsofaffin suka sayar da duwatsun, wani cokalin azurfa mai ruwan zinare na shafa mai na ƙarni na 12 na cikin 'yan kaɗan da suka tsira, yana nan a gefe ɗan ƙarami, mutane na wuce shi suna rububin manya. Ɗaya kambun, wanda sarki ke sawa in zai buɗe majalisa, daimon 2,868 ne a jikinsa. A kan sandar sarauta akwai daimon ɗin da ake kira Cullinan na ɗaya mai karat 530, an yanko shi ne daga dutsen da aka tono a Afirka ta Kudu a 1905 mai karat 3,106. Ga kuma daimon ɗin Koh-i-Noor da aka karɓe bayan cin Punjab a 1849, wanda Indiya da Pakistan ke ta cewa nasu ne. Amma fa ka sani, ba a ɗaukar hoto a ɗakin kwata-kwata, kuma a gaban manyan kambunan wani bel ne mai tafiya da kansa ke ɗauke da kai ya wuce da kai don kar a yi cunkoso, daƙiƙu kaɗan ka wuce, sai dai ka zagayo ka sake hawa, kuma an yarda ka yi hakan. In da rana tsaka ka je lokacin hutun bazara layin kaɗai zai iya cinye ma awa guda, sabida haka ana buɗe ƙofa ka miƙe can kai tsaye, sauran su biyo baya.

Abin da ke sa kuɗin tikitin ya halatta a wajena su ne dogaran gidan, Yeoman Warders, masu baƙar riga mai jan ado da doguwar hula. Ba 'yan wasan kwaikwayo ba ne, kowannensu sai da ya yi aƙalla shekara 22 a soja da shaidar ɗa'a kafin a ɗauke shi, kuma a cikin ganuwar suke zaune da iyalansu, za ka ga ƙofofin gidajensu da motocinsu. Suna zagayawa da baƙi kamar na awa ɗaya ba ƙarin kuɗi, da murya irin ta fareti da barkwanci, suna ba da labarin yankan kai kamar suna ba da labarin biki. Sai dai Turancinsu mai sauri ne kuma cike da zolaya irin tasu, in Baba ko Inna ba sa jin Turanci sosai rabin daɗin ya tafi, sai an samu mai fassara a gefe. Yara kuwa ba ruwansu da wannan, hankakin gidan sun ishe su kallo, manya-manya baƙaƙe wuluk, aƙalla shida ake ajiyewa sabida camfin da ke cewa ranar da suka bar wurin mulkin zai rushe, har ma'aikaci na musamman gare su, kuma ɓarayi ne na gaske, ka ajiye biskit a benci ka ga ikon Allah. A cikin White Tower akwai sulken Henry na 8, na ƙuruciya da na tsufa, kana ganin yadda tumbi ya yi ta gaba. Da can har namun daji ake ajiyewa, Sarkin Faransa ya aiko da giwa a 1255.

Illarsa, yawancin yawon a fili ne, ƙasan duwatsu ne masu gargada, matakala ko'ina, White Tower kaɗai ta kai taki 200. Mai ciwon gwiwa ko wanda ya zo asibiti bai gama warwarewa ba ko mai keken jariri zai sha wuya, in kuma aka tashi da ruwan nan nasu mai yayyafi da iska daga kogi to sai a hankali.

British Museum kuma wata duniya ce daban. An kafa shi a 1753 da kayan wani likita Hans Sloane, kimanin 71,000, aka buɗe wa jama'a a 1759, yau ana maganar kaya miliyan 8 wanda abin da ke a fili bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kana shiga za ka faɗa wani makeken tsakar gida da aka rufe da rufin gilashi a 2000, falle 3,312, haske ko'ina, daga nan ƙofofi suka rarrabu. Matsalar wurin ita ce yawansa. Wanda ya shiga ba tsari zai yi ta bin ɗaki bayan ɗaki, tukwane, tsabar kuɗi, gumaka, bayan awa biyu komai ya zama iri ɗaya a idonsa ya nemi benci. Dole ka zaɓi ɗakuna biyar ko shida ka rufe ido ga sauran.

In ni ne, ɗaki na 4 zan fara, inda dutsen Rosetta yake. Sojojin Faransa suka tsince shi a Masar a 1799, Turawan Ingila suka karɓe, yana nan tun 1802. Sanarwa ce guda ta shekara 196 kafin haihuwar Annabi Isa da aka rubuta da rubutu iri uku, da ita wani masani Bafaranshe, Champollion, ya gano yadda ake karanta rubutun Fir'aunoni a 1822. Gaskiya a ido ba wani abin kallo ba ne, baƙin dutse ne fasasshe kuma kullum mutane sun yi masa zobe da wayoyi, darajarsa a labarinsa take. Kusa da shi akwai ƙaton mutum-mutumin Ramses na 2, kai da ƙirji kawai amma ya haura tan 7. A nan bari in gyara wani abu da nake yawan ji, gawar Fir'auna ba ta Landan, gawarwakin manyan Fir'aunoni irin su Ramses suna Alƙahira. Waɗanda ke sama a ɗakuna na 62 da 63 gawarwakin wasu mutanen Masar ne da aka busar aka naɗe, har da na kyanwa, kuma nan ne cunkoso ya fi yawa a duk gidan.

Wanda bai kamata ya wuce ka ba shi ne ɗaki na 10, farautar zaki ta Sarki Ashurbanipal, an ɓamɓaro ta ne daga bangon fadarsa a Nineba, birnin da aka aiki Annabi Yunusa, daura da Mosul ta yau. Aikin ya kai shekara 2,600 amma dubi zakanyar nan da kibau suka huda bayanta, ƙafafun baya sun mutu tana jan su, na gaba sun dafe ƙasa, baki buɗe, har jijiyoyin hannunta ana gani, kai ka ce mai sassaƙar ya fi tausayin dabbar a kan sarkin da ya sa shi aikin. A sama ɗaki na 55 kuma akwai ɗan allon yumɓu da bai fi tafin hannu da yawa ba mai ɗauke da labarin ruwan ɗufana da jirgi, shi ma daga Nineba, wanda aka karanto a 1872. Ɗakuna na 42 da 43 na duniyar Musulunci ne, an buɗe su a 2018, daga Afirka ta Yamma har kudu maso gabashin Asiya, akwai na'urorin auna taurari na tagulla, akwai fitilar masallaci ta tangaran da aka yi a Turkiyya a 1549 don Ƙubbatus Sahra ta Ƙudus. Mutanen Sudan kuma su duba na 65, Nubiya da Kush.

Sai ka sauka ƙasa ɗaki na 25, na Afirka, inda zuciya ke ɗan ɓaci. Allunan tagulla na Benin ne jere a jikin sanduna, Oba da hakimansa da mayaƙa, har da 'yan Fotugal masu dogon gashi riƙe da bindiga, aikin ƙarni na 16 mai kyan gaske. Sojojin Birtaniya suka kwaso su a 1897 lokacin da suka ƙone birnin suka kai Oba Ovonramwen Kalaba, gidan na riƙe da sama da 900 na kayan Benin. Fuskar hauren giwa ta Sarauniya Idia da aka yi tambarin FESTAC da ita a 1977 tana hannunsu, Najeriya ta nemi aro a lokacin aka hana, sai da aka sassaƙa wata. Jamus ta fara mayar da nata a 2022, su kuwa nan suna fakewa da dokar 1963 da ta hana su fitar da kaya, zinaren Asante ma da aka kai Kumasi a 2024 aro aka ce, aron kayanka. Girka ma tana nan tana neman sassaƙaƙƙun duwatsun Parthenon, tsohon wurin bautarsu na birnin Athens, da ke ɗaki na 18. Wasu na cewa ba za su taka wurin ba sabida haka, ni ban ga hikimar ba, kuɗinka ba sa ci, kayan kuma naka ne, gara ka je ka gan su ka nuna wa yara. Kuma kar mai zaɓen Tower ya ɗauka shi ya tsira, daimon ɗin can ma ai ba a gonar Ingila aka tono su ba.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Ɓangaren Girka da Rum cike yake da mutum-mutumi tsirara haihuwar uwarsu, in da surukai ko iyaye kake tafe ka san ta inda za ka bi da su. Na biyu, ba a shiga da babban akwati, ana kuma binciken jaka, to kar ka ce daga nan za ka wuce filin jirgi da kayanka. Gara ka yanki tikitin kyauta ta intanet mai lokaci, ya fi sauƙin layi. Ana buɗewa 10 a rufe 5, ran Juma'a har 8:30 na dare, kuma yammacin Juma'ar nan ya fi sakewa don 'yan makaranta sun watse.

To wanne? Abin da za ka tambayi kanka shi ne, Landan ka zo gani ko duniya. British Museum zai nuna ma Masar da Iraƙi da Girka da Benin amma za ka fito ba ka san komai game da garin da kake ciki ba, da za a ɗauke ginin a kai wani birni ba abin da zai canja. Tower kuwa Ingila ce tsantsa, sarautarsu da zaluncinsu da al'adunsu, kana kan ganuwa ga kogi ga Tower Bridge ta 1894 a gabanka, wadda mutane ke kira London Bridge bisa kuskure, ga dogayen gine-ginen gilashi na bankuna sun kewaye tsohon dutsen. Shi ya sa mai zuwan farko, mai lafiyar ƙafa, da yara 'yan shekara bakwai zuwa sama, kuma aljihu zai ɗauka, ni Tower zan tura shi ba tare da dogon tunani ba, awa uku zuwa huɗu sun ishe shi ya ga kusan komai ya fita da jin ya gama wani abu. Malami, ɗalibi, mai son tarihin annabawa da tsofaffin dauloli, dattijon da ke buƙatar lif da wurin zama, ko ranar da gari ya tashi da ruwa da sanyi, gidan tarihin ya fi. Haka wanda zai daɗe a garin, tunda kyauta ne sai ya riƙa shiga awa ɗaya yana fita, wanda haka ne ma ya fi dacewa da wurin.

Na san wani zai ce ina Westminster Abbey. Yana da nauyi ba shakka, nan ake naɗa sarakunansu tun 1066, ginin yanzu an fara shi a 1245, mutum sama da 3,000 ke binne ciki har da Newton da Darwin. Amma shi ma tikitinsa wajen fam 30 ne, coci ne da ake ibada a ciki don haka ran Lahadi ba a shiga yawo, kuma yawancin abin kallon kaburbura ne wasu ma a kansu kake tafiya, ba kowa ne hakan ke yi wa daɗi ba. Ga 'yan'uwa Kirista yana iya zama na farko a jerinsu, kuma addu'ar yamma da ake rera waƙoƙi kyauta ake shiga. Ga sauran, unguwar daga waje ta wadatar, kana fitowa daga tashar Westminster agogon na bisa kanka, hasumiyar mita 96, Big Ben ɗin ma sunan ƙararrawar ciki ne mai tan 13 da wani abu. Canjin masu gadi a Buckingham kyauta ne, wajen 11 na safe, amma ba kullum ake yi ba, ruwa mai ƙarfi na sa a soke, kuma in ba ka je da wuri ba ƙeyar mutane za ka kalla. London Eye kuwa, ƙaton wilin nan da ake hawa a kalli gari, minti 30 ne a sama da kuɗin da ya kusa na Tower, ni ban ga ribar ba.

Maganar salla da abinci ma Tower ya ɗan fi sauƙi, babban masallacin East London da ke Whitechapel tafiyar kamar minti 20 ce a ƙafa, unguwar kuma har Brick Lane cike take da gidajen abincin halal na 'yan Bangaladash masu sauƙin kuɗi. Daga British Museum sai ka hau mota zuwa babban masallacin Regent's Park. In Tower ka zaɓa, ka sauka a tashar Tower Hill da safe, ka gama wajen azahar ka yi Whitechapel, sannan ka dawo bakin kogi ka hau jirgin ruwa daga Tower Pier zuwa Westminster, a hanya za ka ga wajen rabin abin da ke jerin nan naka na waya, ka sauka ka yi hotonka da agogo. Bas ɗin garin ba sa karɓar tsabar kuɗi, kati ake dangwalawa, kowa da nasa. In kuma a Disamba ka zo ka ja komai baya da awa guda, don kafin ƙarfe 4 an yi magariba, Tower ɗin ma da wuri suke rufewa lokacin sanyi.